Farin Ƙwan Kaza: Rubutun Gadon da ke Samar da Shi da Yadda Ya Samo Asali

Gabatarwa

An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan jama'ar karkara, musamman mata da matasa masu kiwon kaji, tare da malaman gona, ma'aikatan lafiyar dabbobi da jami'an ƙananan hukumomi, game da wani abu da kowa ya sani da ido amma kaɗan ne suka san asalinsa, wato farin ƙwai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai shayi ya ga yadda wannan ruwa mai yauƙi ke rikiɗa ya zama fari tas da zarar ya taɓa kasko mai zafi. Babban abin da ke daskarewa a wannan lokaci wani furotin ne da masana ke kira obalbumin.

Akwai tambayoyi da makiyaya kan yi wa malaman gona a kai a kai. Shin ƙwan kazar gidan gona daidai yake da na kazar Hausa? Me ya sa kaza kan rage ƙwai da bazara? Me ya sa farin tsohon ƙwai ke tsinkewa kamar ruwa? Kuma wace hasara za a yi idan kajin gida suka ɓace aka maye gurbinsu da na waje? Amsar waɗannan tambayoyi tana da nasaba da wani rubutu da kowace kaza ke gada daga uwarta da ubanta, wanda a cikinsa aka tsara yadda za ta haɗa farin ƙwai. Masana sun karanta wannan rubutu harafi bayan harafi, sun kuma gano inda ya samo tushe. Sanin abin da gado ya riga ya yanke, da abin da ya rage a hannun mai kiwo, shi ne zai hana a kashe kuɗi inda ba za su yi amfani ba.

Abin da ke cikin farin ƙwai

Kimanin kashi 88 cikin 100 na farin ƙwai ruwa ne, sannan kashi 10 zuwa 11 furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Wannan furotin ba iri ɗaya ba ne. Obalbumin shi ne kan gaba da kimanin kashi 54 cikin 100 na dukkan furotin ɗin, abin da ya kai kusan giram 2 a cikin babban ƙwai guda. Bayansa akwai obotaransferin mai kashi 12 zuwa 13, wanda ke kama sinadarin ƙarfe ya hana ƙwayoyin cuta samunsa. Sai obomukoid mai kashi 11, sai obomusin da laisozaim, kowannensu da kimanin kashi 3 da rabi. Obomusin ne ke ba farin sabon ƙwai kaurinsa, shi kuwa laisozaim fasa bangon wasu ƙwayoyin cuta yake yi. Akwai kuma abidin, wanda bai kai ko kashi 1 ba, amma yana ƙanƙame sinadarin biyotin mai amfani ga jiki.

Idan aka lura za a ga cewa yawancin waɗannan furotin masu gadi ne, suna tsare gwaiduwa da ɗan tsakon da zai tsiro a kanta daga ƙwayoyin cuta. Obalbumin, duk da yawansa, ba a san shi da wannan aiki ba. Abin da masana suka fi karkata a kai shi ne guzuri ne da uwa ke yi wa ɗanta. A cikin kwanaki 21 da kaza ke kwanci, daga wajen kwana na 12 farin ƙwai kan fara kwarara cikin ruwan da ɗan tsako ke kwance, shi kuma ya riƙa haɗiya yana gina jikinsa da shi.

Saboda yawansa da sauƙin samunsa, obalbumin na cikin furotin na farko da aka tace tsantsa. Wajen shekarar 1890, Franz Hofmeister, wanda ke aiki a birnin Prague, ya yi nasarar mayar da shi ƙanƙara-ƙanƙara kamar gishiri. Kowane furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne, ana jera su kamar duwatsun tsakiya a zare. Sarƙar obalbumin tana da amino asid 385, kuma jerinsu kusan ba ya sauyawa daga ƙwai zuwa ƙwai. Idan zafi ya kai kimanin digiri 84 a ma'aunin Selsiyos, sai sarƙar ta warware daga naɗinta ta harɗe da 'yan uwanta. Wannan harɗewa ita ce daskarewar da ake gani a kasko.

Inda kaza ke sarrafa shi

Kaza tana da hanyar ƙwai guda ɗaya mai aiki, ta ɓangaren hagu. Idan gwaiduwa ta nuna ta faɗo, bakin hanyar kan cafe ta cikin kimanin minti 15, kuma a nan ne maniyyin zakara ke haɗuwa da ita idan akwai shi. Daga nan sai ta shiga sashe mafi tsawo, mai kimanin santimita 33, wanda masana ke kira magnum, inda takan shafe kusan awa 3 ana lulluɓe ta da farin ƙwai. Sai ta wuce inda ake yi mata fatar ciki a cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, kana ta isa inda ake gina ɓawo, aikin da kan ci kimanin awa 20. Baki ɗaya ƙwai kan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya fito.

Umarnin haɗa obalbumin yana cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin kaza, daga ta hanta har ta tsoka, yana kuma jikin zakara. To sai dai a rufe yake a ko'ina, ban da a cikin ƙwayoyin halittar wannan sashe na hanyar ƙwai. Mabuɗinsa sinadaran jiki ne da ake kira homon, musamman isturojin, wanda kan ƙaru idan sagara ta isa fara ƙwai. Masu bincike sun gwada ba 'yan tsaki mata isturojin tun kafin su balaga, sai hanyar ƙwansu ta kumbura ta fara haɗa obalbumin, da aka daina ba su kuma sai aikin ya tsaya. Wannan gwaji ne ya sa hanyar ƙwan kaza ta zama babbar makarantar da duniya ta koyi yadda homon ke buɗe umarnin gado da rufe shi, ilmin da daga baya ya yi amfani a fannin lafiyar ɗan Adam.

Yadda rubutun gado yake

A tsakiyar kowace ƙwayar halitta akwai wani dogon zare da ake kira DNA. Rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, waɗanda masana ke yi wa alama da A, C, G da T. Ana karanta su uku-uku, kuma kowane haruffa uku suna nuna amino asid ɗaya da za a saka a sarƙa. Yankin zaren da ke ɗauke da umarnin furotin guda shi ake kira ƙwayar gado. An naɗe zaren ne a cikin dunƙule-dunƙule da ake kira kuromosom. Kaza tana da 78, wato tagwaye 39, rabi daga uwa rabi daga uba, yayin da ɗan Adam ke da 46.

A shekarar 2004 wata haɗakar masana daga ƙasashe da dama ta wallafa jerin rubutun gadon kaza, wanda aka karanta daga jikin wata kazar daji ja. Haruffansa sun kai kimanin biliyan ɗaya, wato kusan sulusin na ɗan Adam, kuma a lokacin an ƙiyasta ƙwayoyin gado 20,000 zuwa 23,000 a cikinsa. Kaza ce tsuntsu na farko, kuma dabbar kiwo ta farko, da aka yi wa wannan aiki. Ƙwayar gadon obalbumin tana kan kuromosom na 2.

Ba a fitar da asalin rubutun daga ma'ajiyarsa. Idan ana bukatar furotin, sai a kwafi umarnin a kan wani zare mai kama da DNA, wanda ake kira RNA ɗan aike, shi ne zai kai saƙon inda ake jera amino asid. A cikin kaza mai yin ƙwai, kowace ƙwayar halitta ta wannan sashe tana ɗauke da dubun-dubatar kwafin saƙon obalbumin. A shekarar 1978 masana a kwalejin likitanci ta Baylor da ke Houston a Amurka, ƙarƙashin Bert O'Malley, tare da abokan aikinsu na Ingila, suka karanta wannan saƙo. Tsawonsa haruffa 1,872 ne. Daga ciki, 1,158 ne ke jera amino asid 386, sannan a cire na farko a bar 385. Sauran haruffan suna gaba da bayan saƙon ne, kamar adireshi da hatimi a jikin wasiƙa.

Abin mamakin shekarar 1977

Kafin wannan lokaci masana sun ɗauka cewa ƙwayar gado rubutu ne a jere daga farko har ƙarshe, babu katsewa, domin haka suka gani a ƙwayoyin bakteriya. A shekarar 1977 Richard Roberts da Phillip Sharp, kowannensu da tawagarsa a Amurka, suka gano cewa a cikin wata ƙwayar bairos umarnin a yanke yake gunduwa-gunduwa, binciken da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1993. Kafin shekarar 1977 ta ƙare, tawagar Pierre Chambon a birnin Strasbourg na Faransa ta nuna cewa ƙwayar gadon obalbumin ita ma a rarrabe take a jikin kaza. Wannan na cikin hujjojin farko da suka tabbatar cewa lamarin bai tsaya ga bairos ba, haka tsarin yake ga tsuntsaye da dabbobi da mutane.

Da aka kammala karanta ƙwayar gadon baki ɗaya a shekarar 1981, sai aka tarar tsawonta ya kai haruffa kimanin 7,600, wato ya ninka saƙon da ke fita sau huɗu. Tana da gutsure 8 da ake ajiyewa, waɗanda ake kira ekson, da gutsure 7 da ke tsakaninsu waɗanda ake cirewa, ana kiran su intoron. Walter Gilbert ne ya raɗa waɗannan sunaye a 1978. Aikin ya yi kama da na tela. Da fari ana kwafo rubutun duka kamar yadi ɗaya, sai a yanke gutsure bakwai a ajiye gefe, a ɗinke takwas ɗin da suka rage. Dole ɗinkin ya faɗa daidai, domin idan aka kuskure da harafi ɗaya, karatun uku-uku zai goce tun daga wurin har ƙarshe, furotin ya lalace. Kaza mai ƙwai tana maimaita wannan yanka da ɗinki ba adadi a kowace rana.

Dangin obalbumin da asalinsa

A shekarar 1979 tawagar Strasbourg ta sake gano cewa ƙwayar gadon obalbumin tana da maƙwabta biyu a gabanta, waɗanda aka sa wa suna X da Y. Su ma a hanyar ƙwai suke aiki, su ma homon ne ke buɗe su, amma abin da suke samarwa kaɗan ne idan aka kwatanta. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kowannensu yana da gutsure 8 da ake ajiyewa da 7 da ake cirewa, kuma wuraren yankan sun dace da na obalbumin. Irin wannan kama ba ta faruwa bisa katari. Bayanin masana shi ne, a wani zamani mai nisa, yayin kwafar rubutun gado daga iyaye zuwa 'ya'ya, an maimaita wani yanki sau biyu, kamar yadda mai kwafar littafi kan yi tuntuɓe ya sake rubuta shafin da ya riga ya rubuta. Daga baya aka sake maimaitawa, ƙwaya ɗaya ta zama uku.

Bayan rabuwar, kowane kwafi ya kama hanyarsa. Da aka jera rubutun ukun kusa da juna, sai aka ga gutsuren da ake cirewa sun sauya ƙwarai, a tsawo da kuma a haruffa, amma gutsuren da ake ajiyewa sun riƙe kamanninsu. Dalilin a fili yake. Kuskuren da ya faɗa inda za a yanke a yar ba ya cika cutar da kowa, don haka yana wucewa ga zuriya yana taruwa. Wanda kuwa ya lalata furotin yakan rage wa ɗan tsako damar ƙyanƙyashewa, sai ya ɓace tare da shi. Ta wannan bambanci ne masana ke ƙiyasta nisan zumunta tsakanin ƙwayoyin gado, da tsakanin tsuntsaye irin su kaza, zabo, talo-talo da agwagwa, waɗanda kowannensu ke da nasa obalbumin mai ɗan bambanci da na saura.

Asalin ya ma wuce nan. A shekarar 1980 Lois Hunt da Margaret Dayhoff a Amurka suka kwatanta jerin amino asid na furotin iri-iri da kwamfuta, sai suka tarar obalbumin yana da dangantaka da wasu furotin biyu na jinin ɗan Adam: antiturombin, mai hana jini daskarewa barkatai, da antitiripsin, mai kare huhu daga lalacewa. A 1985 aka sa wa wannan babban gida suna sarfin. Yawancin 'yan gidan tarko ne. Suna miƙa wani ɗan hannu a matsayin koto ga sinadaran da ke yayyanka furotin, da zarar sinadarin ya ciji koton sai hannun ya fizge ciki, tarkon ya rufe a kansa. Da aka gano siffar obalbumin a farkon shekarun 1990, sai aka ga yana da ƙirar tarkon har da hannun, amma ba ya kama komai. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne a wuri na 339 na sarƙarsa, daidai gaɓar da hannun ke lanƙwasawa, akwai wani babban amino asid da ke tokare shi. A taƙaice, tsohon tarko ne da aka mayar rumbu.

Binciken da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa kaza tana da ƙwayoyin gado 10 na wannan reshe na gidan sarfin, duka a wuri guda a kan kuromosom na 2, shi kuwa ɗan Adam yana da 13 a wurare biyu, kuromosom na 6 da na 18. Obalbumin da X da Y ba su da takwarori a jikin ɗan Adam ko saniya ko akuya, abin da ke nuna cewa sun samu ne bayan rabuwar zuriyar tsuntsaye da ta dabbobi masu shayarwa, wadda masana ke ƙiyasta ta faru fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce. Kazalika an gano a 2013 cewa furotin X yana iya hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Ke nan daga tushe ɗaya an sami mai gadi, an kuma sami guzuri. Darasin da ke nan shi ne sabon aiki kan fito ne daga rarar da aka ajiye, ba daga abin da aka tsuke aka mayar iri ɗaya ba.

Daga dajin Asiya zuwa akurki

Kakar kajin duniya ita ce kazar daji ja ta kudu maso gabashin Asiya. Wani bincike na shekarar 2020 da ya duba rubutun gadon tsuntsaye 863 ya nuna cewa tushen kajin gida shi ne nau'in da ke yankin kudu maso yammacin Sin, arewacin Tailan da Myanmar. Ƙasusuwan kazar gida mafiya daɗewa da masana suka amince da su an tono su ne a Ban Non Wat da ke Tailan, na tsakanin shekarar 1650 da 1250 kafin haihuwar Annabi Isa. A Afirka an sami ƙasusuwan kaji a Mezber da ke arewacin Habasha, na shekaru ɗaruruwa kafin haihuwar Annabi Isa, a yammacin Afirka kuma an same su a Kirikongo ta Burkina Faso da Jenne-jeno ta Mali, na cikin shekaru dubun farko na miladiyya. Saɓanin zabo, wanda ɗan asalin nahiyar nan ne, kaza baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida.

A tsawon wannan tafiya mutane sun sauya kaza ƙwarai ta hanyar zaɓen iri. Kazar daji ba ta cika wuce ƙwai 10 zuwa 15 a shekara ba, kuma a lokaci guda take yi. Kazar Hausa da ke kiwo a tsakar gida kan yi kimanin 40 zuwa 60, ita kuwa ta gidan gona takan kai 300. Wannan bambanci ya fito ne daga ƙwayoyin gado masu yawa da suka shafi homon, son kwanci da amfani da abinci. A shekarar 2010, alal misali, an gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna TSHR wanda ya game yawancin kajin gida, ana kuma danganta shi da yin ƙwai ba tare da jiran wani lokaci na shekara ba. Obalbumin kansa bai sauya wani abin a-zo-a-gani ba. Nau'o'i biyu da aka fi sani a tsakanin kaji, A da B, sun bambanta ne da amino asid ɗaya tak cikin 385.

Abin da wannan ke nufi ga mai kiwo

1. Ƙwan kazar gidan gona ba jabu ba ne. Umarnin da ke haɗa farinsa shi ne na kazar Hausa. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, domin homon ne ke buɗe aikin, sai dai irin wannan ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa. Jan gwaiduwa kuwa daga abinci yake, kazar da ke tsintar ganye da jar masara ta fi jan gwaiduwa.

2. Gado yana ba da umarni ne, ba ya ba da kayan aiki. Akwai amino asid ɗin da kaza ba za ta iya jerawa ba sai ta ci su a abinci. Mai yin ƙwai tana bukatar abincin da ke da furotin kashi 16 zuwa 18 cikin 100, dusa kaɗai kuwa ba ta kai haka ba. A haɗa mata da tunkuza ko soyayyen waken soya, garin kifi, gara ko tsutsa, da garin ƙashi domin ƙarfin ɓawo.

3. Zafi da ƙishirwa suna rage ƙwai. Da bazara kaza kan rage cin abinci, sai kayan haɗa farin ƙwai su yi ƙaranci. A samar da inuwa da iska a akurki, a ajiye ruwa mai sanyi a kowane lokaci, a kuma ba da abinci da sanyin safiya da na yamma.

4. Ƙwai yana tsufa tun ranar da aka yi shi. Iskar kabon da ke cikinsa tana fita ta ƙofofin ɓawo, sai farin ya tsinke, gurbin iskar da ke faffaɗan kai ya ƙaru, shi ya sa tsohon ƙwai ke tasowa a kan ruwa. Obalbumin ma yana rikiɗa sannu a hankali zuwa wani nau'i mai jure zafi, wanda sai a kimanin digiri 92 yake daskarewa, kuma zafin wurin ajiya yana hanzarta wannan. A riƙa kwashe ƙwai kullum, a ajiye a wuri mai sanyi da tsinin yana ƙasa, kada a wanke sai za a yi amfani da shi, kada kuma 'yan kasuwa su bar kiret a rana.

5. Ƙwan da za a sa wa kaza kwanci kada ya wuce mako guda a ajiye. Tsohon ƙwai ne ya fi zama baragurbi.

6. A dafa ƙwai kafin a ci. Wani gwaji na 1998 ya nuna jiki na narkar da kimanin kashi 91 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, amma kashi 51 kawai na ɗanye. Dafuwa tana kuma karya ƙarfin abidin, ta kashe ƙwayoyin cuta. Camfin da ake yi a wasu wurare cewa yaron da ke cin ƙwai zai tashi ɓarawo ba shi da tushe. Amma akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar obomukoid ko obalbumin. Idan aka ga ƙuraje, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi bayan cin ƙwai, a garzaya asibiti.

Kira ga jami'ai da shugabannin al'umma

Ilmin wannan ƙwayar gado bai tsaya a littafi ba. A shekarar 2007 cibiyar Roslin da ke Sukotland ta yi amfani da mabuɗin obalbumin ta sa kaji suka riƙa zuba furotin na magani a cikin farin ƙwansu, a 2015 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin Kanuma, wanda ake tacewa daga farin ƙwan irin waɗannan kaji. A nan gida, Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar da kazar Shika Brown mai yin ƙwai, wadda aka yi wa rajista a shekarar 2000, Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta kuma ta samar da FUNAAB Alpha, wadda ke da jinin kajin gida, aka yi mata rajista a 2018.

Duk wani ingantaccen iri da za a samar nan gaba, daga bambancin da ke cikin kajin yau za a zaɓo shi. Kazar Fulani, fingi, durgu da mai wuya ba gashi, kowace tana ɗauke da rubutun da ya shafe ƙarnoni yana gogayya da zafi, ƙarancin abinci da cututtukan wannan yanki. An tabbatar, alal misali, cewa mai wuya ba gashi ta fi jure zafi saboda ƙarancin gashinta. Idan aka raba zakarun waje a ƙauye aka yanka na gida baki ɗaya, cikin 'yan shekaru wannan gado zai salwanta, kuma babu kasuwar da ake sayo shi.

Saboda haka ana shawartar sassan aikin gona na ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai da masu unguwanni da su lura da abubuwa uku. Na farko, duk shirin raba kajin waje ya zo tare da tanadin abinci da magani, kuma a bar wasu gidaje su ci gaba da riƙe irin gida tsantsa. Na biyu, a ƙarfafa wa maƙwabtan ƙauyuka gwiwar musayar zakaru a kai a kai domin kauce wa barbarar dangi na kusa, wadda ke raunana 'yan tsaki. Na uku, a ba rigakafin cutar Niyukasul muhimmanci kafin shigowar hunturu, domin annoba ɗaya kan share kajin ƙauye tare da gadon da ke jikinsu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana samar da wannan rigakafi, har da nau'in I-2 mai jure zafi wanda ake ɗigawa a ido.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Kowace sagara da ta fara ƙwai a tsakar gida ta gaji haruffa kusan 7,600 da ke koya mata haɗa obalbumin, kuma babu abin da mai kiwo zai ƙara ko ya rage a cikinsu. Abin da ke hannunsa shi ne abinci, ruwa, inuwa, rigakafi, kyakkyawar ajiyar ƙwai da zaɓen zakaran da zai bari. Duk mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar malamin gona ko ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarsa.